Meinrad da hankakinsa biyu: Mutumin da ya gudu wa jama'a, jama'a suka bi shi har yau

A makon nan za mu leƙa ƙetare, zuwa wani gari da ke tsakanin duwatsun ƙasar Suwizalan mai suna Einsiedeln, tafiyar da ba ta wuce awa ɗaya ba a jirgin ƙasa daga birnin Zurich. Garin ba wani babba ba ne, amma yana da makeken coci mai hasumiya biyu wanda za ka ce ya fi ƙarfin garin. Duk wanda ya shiga ta ƙofar gaba, abin da zai fara cin karo da shi shi ne wani ƙaramin ɗakin ibada na baƙin dutsen mabul, tsaye a cikin cocin, wato ɗaki a cikin ɗaki.

An gina ɗakin ne a wurin da ake cewa bukkar wani mutum mai suna Meinrad ta taɓa zama, fiye da shekara 1,100 da suka wuce. Mutumin nan ya bar makaranta da matsayi ya shige daji don ya zauna shi kaɗai ya bauta wa Ubangiji. A cikin dajin wasu baƙi biyu suka zo masa, ya ba su abinci suka ci, sannan suka kashe shi. Mabiya ɗariƙar Katolika suna ɗaukarsa waliyyi, suna yi masa laƙabi da shahidin karɓar baƙi. Ba wa'azin addinin wani muka zo yi ba. Labarin ne ya ƙunshi tambayoyi biyu da suka shafi matashin yau kai tsaye: yaushe keɓe kai yake zama alheri, kuma yaya mutum zai buɗe wa baƙo ƙofa a zamanin da yarda ta yi tsada?

Wane ne Meinrad?

An haife shi dab da shekara ta 800 miladiyya a yankin Rottenburg, a kudancin ƙasar da ake kira Jamus a yau. Tun yana yaro aka kai shi karatu tsibirin Reichenau da ke cikin tafkin Constance, inda akwai gidan zuhudu na 'yan Benedikti. Ga wanda bai sani ba, gidan zuhudu wuri ne da wasu maza ke taruwa su yi rayuwa ba aure, ba dukiyar kai, suna raba yininsu tsakanin addu'a da karatu da aikin hannu. 'Yan Benedikti kuwa suna bin ƙa'idojin da wani mutumin Italiya, Benedikt na Nursia, ya rubuta a ƙarni na 6, littafi mai babi 73 da ya tsara komai, daga lokacin tashi daga barci har zuwa yawan abincin da za a ci.

Reichenau a wancan zamani babbar cibiyar ilmi ce, mai ɗakin karatu da marubutan littattafai da hannu. Shugaban gidan, Erlebald, ɗan uwan Meinrad ne. Ka ga ke nan yaron yana da ilmi, yana kuma da wanda zai tsaya masa. Ya yi karatu, ya zama ɗan zuhudu, aka naɗa shi limamin coci, sannan aka tura shi koyarwa a wani ƙaramin reshe da ke kusa da tafkin Zurich. Da irinmu ne, sai a ce hanya ta buɗe, saura kawai a jira ƙarin girma.

Shi kuwa sai ya nemi izini ya tafi. Wajen shekara ta 828 ya hau wani tudu mai suna Etzel ya kafa bukka. Sai dai labarinsa ya bazu, mutane suka riƙa tururuwa, wannan yana neman shawara, wancan yana neman addu'a. Bayan kimanin shekara bakwai, wajen 835, ya tattara ɗan abin da yake da shi ya ƙara nutsawa cikin wani ƙungurmin daji da mutanen yankin ke kira Daji Mai Duhu. A nan ya yi shekara 26, a ƙasar da dusar ƙanƙara ke rufe hanya na tsawon watanni.

Kaɗaici ma sai da horo

A nan akwai abin lura. Mu Hausawa ba baƙin wannan al'amari ba ne, domin mun san halwa, mun san malami ya keɓe kansa na wasu kwanaki don ibada. Mun kuma san cewa ba almajirin da ya fara allo jiya ake sa wa halwa ba. Ƙa'idar Benedikt ma haka ta tsara tun a babinta na farko: zaman daji shi kaɗai na wanda ya daɗe a cikin jama'a ne, ya koyi haƙuri da mutane, ya koyi yaƙi da son zuciyarsa da taimakon 'yan uwa. Sabon shiga mai ɗokin farko ba a ba shi wannan dama.

Meinrad ya shafe kusan shekara talatin na farkon rayuwarsa a cikin mutane kafin ya keɓe. Ya tafi ne da izinin shugabansa, yana da tsarin yini, yana da littattafansa, kuma ƙofarsa ba ta rufe ga mai zuwa ba. Kwatanta wannan da abin da da yawanmu ke yi yanzu. Saurayi ya gama makaranta, aiki bai samu ba, sai ya kulle kansa a ɗaki da waya, dare ya zama rana, rana ta zama dare. Ba ya zuwa majalisa, ba ya zuwa suna ko jana'iza, in an yi magana ya ce shi ba ya son hayaniya. Alhali hayaniyar duniya gaba ɗaya tana cikin tafin hannunsa, TikTok da Facebook ba su bar shi ya yi shiru na minti goma ba. Jikinsa ne kawai ya keɓe, zuciyarsa tana kasuwa.

Hanyar gane bambancin ba ta da wuya. Keɓewar da ke da amfani, in mutum ya fito daga cikinta za ka ga ya ƙara haƙuri da mutane. Wadda ke cin mutum kuwa, kullum ƙara masa jin haushin kowa take yi. In kana cikin ta biyun, ɗan uwa, kada ka kira ta natsuwa. Nemi wanda ka yarda da shi ka yi magana, in abin ya yi nauyi a je asibiti, ba abin kunya ba ne.

Ranar 21 ga Janairun 861

Tarihin Meinrad mafi daɗewa wani ɗan zuhudu ne na Reichenau ya rubuta shi, shekaru bayan rasuwarsa. Bisa ga abin da ya zo a ciki, wasu mutum biyu, Richard da Peter, sun ji cewa masu ziyara na kai wa mutumin dajin kyaututtuka, sai suka ɗauka ya tara dukiya. Suka nemi a nuna masu hanya, suka isa bukkar a ranar 21 ga Janairun 861, tsakiyar hunturu.

Riwayar ta ce Meinrad ya gane abin da ya kawo su. Duk da haka ya gama addu'arsa, ya buɗe masu ƙofa, ya kawo burodi da abin sha, har da tufafinsa ya ba su. Bayan sun ci sun sha, suka rufe shi da duka da kulake har ya mutu. Da suka bincike bukkar, babu dukiyar da suka zo nema, domin abin da ake kawo masa rabar da shi yake yi ga mabuƙata. Sun kashe dattijo ɗan shekara sittin da ɗoriya a kan abin da babu shi.

Daga nan ne labarin ya ɗauki salon da ya sa yara a Suwizalan suka san shi. Meinrad yana da hankaki biyu da ya saba ciyarwa. Ba irin namu mai farin ƙirji ba, nasu na Turai baƙi ne wuluk, kuma ya fi namu girma. Mu a nan muna cewa hankaka mai da ɗan wani naka, to a can mutum ne ya mai da 'ya'yan hankaka nasa. Aka ce da mutanen nan suka gudu, tsuntsayen suka bi su da kuka da sara, ba su rabu da su ba har birnin Zurich. Jama'a suka ga abin ya wuce hankali, aka kama su, suka amsa laifinsu, aka yanke masu hukuncin kisa. Da Bahaushe yana wurin, da ya ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

Wani zai ce wannan ai tatsuniya ce. Masana tarihi ma suna ɗaukar ɓangaren hankakin a matsayin riwayar da ta ƙawata labarin, kisan ne da ranarsa aka fi tabbatarwa. Amma tsuntsun ba ƙaramin wayo gare shi ba. A shekarar 2006, wani masani mai suna John Marzluff da abokan aikinsa a Jami'ar Washington da ke Seattle a Amurka sun sa wata fuskar roba suka kama wasu hankaki, suka sa masu alama suka sake su. Shekaru bayan haka, duk wanda ya sa wannan fuskar ya ratsa harabar jami'ar sai hankaki sun taru a kansa da kuka, har da waɗanda ba a taɓa kamawa ba. Wato suna riƙe fuskar wanda ya cuce su, suna kuma koya wa 'yan uwansu. Mai karatu Musulmi kuma zai tuna cewa a ƙissar Habila da Ƙabila, hankaka ne ya nuna wa mai kisan farko yadda ake binne gawa.

Daga bukka zuwa makeken coci

An ɗauki gawar Meinrad aka mayar Reichenau aka binne. Bukkarsa kuwa ba ta daɗe babu kowa ba, wasu masu neman kaɗaici suka riƙa zuwa suna zama a wurin. A shekarar 934 wani babban malamin coci daga Strasbourg mai suna Eberhard ya tattara su ya kafa cikakken gidan zuhudu bisa ƙa'idar Benedikt, ya zama shugabansa na farko. A 947 Sarki Otto na Ɗaya ya amince da gidan, ya ba shi 'yancin zaɓen shugabansa. A 1039 aka dawo da ƙasusuwan Meinrad daga Reichenau zuwa inda aka kashe shi, kuma har yau ƙoƙon kansa yana ajiye a cikin cocin. Sunan garin ma daga gare shi ya samo asali, domin kalmar Einsiedeln a Jamusanci tana nuni ne ga masu zaman kaɗaici. Tambarin gidan da na garin duka hankaki biyu ne.

Ginin da ake gani yanzu an fara shi ne a 1704, bisa zanen wani ɗan gidan mai suna Caspar Moosbrugger, aka keɓe cocin a 1735. An cika shi da zane-zane da ado mai ruwan zinariya. Abin mamakin shi ne, duk wannan ƙawa an tsara ta ne ta kewaye ɗan wurin da wani mutum ya zauna ba shi da komai. Mutumin da ya sauya mazauni sau biyu don gudun taro, yau dubban ɗaruruwan mutane ne ke zuwa wurinsa a kowace shekara. Einsiedeln ita ce wurin ziyarar addini mafi girma a Suwizalan, kuma tana kan tsohuwar hanyar masu tafiya a ƙasa zuwa Santiago a ƙasar Sifen. Fafaroma John Paul na Biyu ya ziyarci wurin a watan Yunin 1984.

A cikin ƙaramin ɗakin akwai mutum-mutumin katako da Katolika ke dangantawa da Nana Maryamu, wanda aka sa a 1466 bayan gobarar da ta ci wurin a 1465. Hayaƙin kyandir da fitilun mai na ɗaruruwan shekaru ya mai da fuskarsa baƙa. A 1798 sojojin Faransa suka mamaye yankin, suka washe gidan, suka rushe ɗakin ibadar. 'Yan zuhudu suka tsere, aka fitar da mutum-mutumin a ɓoye har ƙasar Ostiriya. A can wani mai gyara ya wanke shi, launin asali ya fito, sai jama'a suka ce su ba wannan suka sani ba. Dole aka shafa masa baƙin fenti, aka dawo da shi a 1803, aka sake gina ɗakin tsakanin 1815 da 1817. Har yau, kowace yamma bayan addu'ar la'asariyarsu, 'yan zuhudun gidan suna jerowa zuwa wannan ɗaki su yi waƙar yabo, kuma kowace ranar 21 ga Janairu ana bikin tunawa da Meinrad.

Gidan bai tsaya ga addu'a ba. Yana da makarantar sakandare, yana da tsohon ɗakin karatu mai rubuce-rubucen hannu na sama da shekara dubu, yana kuma kiwon dawaki tun zamanin da. A 1854 wasu 'yan gidan suka ƙetara teku suka kafa reshe a jihar Indiana ta Amurka, suka sa masa sunan Meinrad.

To, wauta ya yi ko karamci?

Ga tambayar da na san tana ran da yawanku: mutum ya ga alamar mugunta a fuskar baƙo, me ya sa zai buɗe ƙofa? Tambaya ce mai nauyi, musamman ga wanda ya taso yana jin baƙonka annabinka, ya kuma girma ya tarar da zamanin da ake tsoron mai tambayar hanya. Da yawanmu mun ga yadda zaure, wanda a da matafiyi ke kwana a ciki ba tare da an tambaye shi takarda ba, ya koma ana sa masa kwaɗo tun magariba. Ba a ga laifin masu gida ba, rashin tsaro ne ya jawo.

Abin sha'awa shi ne, ƙa'idar da Meinrad ya taso a kanta ta yi tunanin wannan matsala. Babi na 53 ya umarci a karɓi kowane baƙo da girmamawa matuƙa, a wanke masa hannu da ƙafa, a fi kula da talaka da matafiyi, tunda mai kuɗi kwarjininsa ma ya isa ya sa a girmama shi. Amma babin bai tsaya nan ba. Ya ce a fara yin addu'a tare da baƙon kafin a rungume shi, saboda gudun yaudara. Ya ware wa baƙi masauki da ɗakin girki nasu daban, ya ɗora alhakinsu a kan mutum mai hankali, ya hana sauran 'yan gida sakin baki da baƙo ba da izini ba. Babi na 66 kuma ya ce a sa dattijo mai natsuwa a bakin ƙofa, wanda ya san yadda ake karɓar saƙo da mayar da amsa, kuma ɗakinsa ya kasance dab da ƙofar. Wato ƙofa a buɗe take, amma akwai ido a kanta, kuma nauyin baƙo na jama'a ne gaba ɗaya.

Wannan kariya ce Meinrad ya rasa a daji. Ba mai gadi, ba maƙwabci, ba wanda zai ji ihunsa sai tsuntsaye. Zaɓinsa ne, ya san haɗarinsa, kuma mabiyansa suna girmama shi a kan haka. Sai dai waɗanda suka gaje shi ba su ce kowa ya koma daji shi kaɗai ya jira ɓarayi ba. Ba su kuma toshe hanyar dajin suka ce daga yau an daina karɓar baƙi ba. Gida suka gina mai ƙofa da mai tsaron ƙofa, suka ci gaba da saukar da matafiya fiye da shekara dubu. A ganina wannan ne darasin da ya fi amfani a cikin labarin gaba ɗaya.

Mu ma muna da irin wannan tsari tun kaka da kakanni. Baƙo ya sauka a gari, a kai shi wurin mai unguwa ko liman, a san daga ina ya fito, ina ya nufa, sannan a ba shi masauki da tuwo. Ba wulaƙanci ba ne, kariya ce gare shi da mai masaukinsa. Matashi zai iya ɗaukar wannan ya shiga da shi har cikin wayarsa. Wanda ka haɗu da shi a intanet ya ce ku gamu, ku gamu a bainar jama'a, ka kuma gaya wa wani a gida inda za ka. 'Yar uwa, wannan ya fi shafarki. Mai neman taimako a taimaka masa, amma ba dole sai an kai shi har ɗakin kwana ba. Sannan ka lura da abin da ya jawo wa Meinrad ajali: jita-jitar dukiyar da ba shi da ita. Shi mutane ne suka yaɗa masa, mu kuwa da hannunmu muke ɗora hoton mota da bandir ɗin kuɗi, wani lokaci ma na aro, muna gayyato Richard da Peter na zamaninmu.

Akwai kuma ɓangaren su maharan. Mutum biyu ne da suka yi doguwar tafiya cikin sanyi saboda labarin kuɗin banza, suka ƙare a hannun hukuma, ba su samu ko sisi ba. Sunansu ya kai shekara 1,100 ana ambatonsa da abu ɗaya tak. Duk matashin da abokai ke zuga shi cewa akwai wata harka ta dare ɗaya da za ta fitar da shi daga talauci, ya tuna da waɗannan biyun. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Wanda Allah Ya kai shi Suwizalan karatu ko aiki, zai iya shiga jirgin ƙasa daga Zurich ya je ya gani da idonsa, shiga cocin kyauta ne, ana buƙatar shiru da suturar mutunci kawai. Mu da ke gida kuwa, ga aikin mako: ware rabin awa kullum ka kashe waya ka zauna da kanka, sannan ka fita ka gai da maƙwabcin da ka daɗe ba ka leƙa ba. Ku aiko mana da ra'ayoyinku a kan tambayar nan: a unguwarku, wa ke karɓar baƙo yanzu, kuma ta wace hanya? Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.